Gargaɗi ga matan Damagaram: masu tallar yawon tsibiran Zanzibar sun cinye mana kuɗin adashi

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, kuma ni ce uwar adashin ƙungiyarmu ta malamai mata. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, amma shekaranjiya na sake ganin tallar mutanen nan tana yawo a WhatsApp da sabon suna, don haka shiru ya zama laifi a kaina. Mu tara suka damfara, sefa miliyan 1 da jika 260, kuma ta hannuna kuɗin suka fita.

A watan Afrilu abin ya fara, lokacin da zafi ya kai zafi. Duk wanda ke zaune a Birni ko Garin Malam ya san yadda muke yi a wannan lokaci: famfo ya yi kwanaki bai ɗiga ba, kana tsaye ƙofar gida kana jiran ɗan garuwa, jarka ta ƙara kuɗi. A irin wannan dare ne, ina kwance a tsakar gida ina duba salula, na ci karo da bidiyon a Facebook. Wani tabki ne mai ruwa garai-garai, kana hango ƙasansa, dogayen duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi. Daga nan aka nuna farin rairayi, da kwalekwale yana tsaga ruwa daga wannan tsibiri zuwa wancan, da kifaye masu launi suna kai-komo cikin duwatsun murjani. A ƙasa an rubuta da Faransanci da Hausa cewa yawon tsibiran Zanzibar ne, kwana 7, jika 350, har da jirgin sama da masauki da abinci da biza. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin Gidimuni ba, ya shiga raina sosai.

Da na tuntuɓe su, wadda ta amsa mini mace ce, kuma a nan ƙarfinsu yake. Hausarta irin tamu ce sak, ba ta rubutu sai saƙon murya. "Malama, ina gajiya? Yaya yara, yaya maigida?" Ta ce tafiyar ta mata ce zalla, mace ce jagora, babu giya babu shashanci, mutanen Zanzibar kuwa mafi yawansu Musulmi ne, ko'ina za mu ji kiran salla. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma da shi ta ɗaure sauran ƙaryar. Da na kai wa maigidana maganar, abin da ya sa ya sassauta kenan. Ya dai ce mini, "Kin ga ofishinsu da idonki?" Na ce a Yamai yake. Ya yi shiru, bai ƙara ba. Ashe ofishin hoto ne kawai na wata ƙofa mai allo.

Na kai maganar wurin adashi, mutum takwas suka ce suna so, mu tafi a babban hutu. Ta ce kafin alƙalami jika 100 kowace, kuma kujeru 10 kaɗai suka rage, wasu matan Maraɗi na nema. Na haɗa jika 900 na tura ta wani kamfanin aika kuɗi, da sunan wani namiji da ta ce shi ne ma'ajinsu. Bayan mako biyu ta ce kuɗin biza ya tashi, a ƙara jika 40 kowace, a turo hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa. Muka tura, da sunan wani mutum daban. Ta aiko mana da takarda mai tambarin kamfanin jirgin sama, sunayenmu a jere. Wallahi ranar har guɗa aka yi a ɗakin malamai.

Karo na uku ta nemi jika 60 kowace, wai na inshora. Ranar ɗan yayana, wanda ke karatun labarin ƙasa a jami'ar nan ta Damagaram, ya zo gaishe ni, na nuna masa bidiyon ina murna. Ya tsayar da shi daidai wurin tabkin, ya ƙura ido, ya ce, "Goggo, wannan ba Zanzibar ba ce." Ya ɗauki hoton ya saka a Google Lens, manhajar binciken asalin hoto, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga wurin ya fito ɗaruruwa. Tabkin Kayangan ne, a tsibirin Koron, lardin Palawan na ƙasar Filifin, can nahiyar Asiya. Ƙabilar Tagbanuwa ke kula da shi, sai an hau matakala masu yawa kafin a gangara gare shi, kuma da rigar hana nutsewa ake shiga. Ya ce babban tsibirin Zanzibar, wanda ake kira Unguja, kusan shimfiɗe yake, ba shi da irin waɗannan tsaunuka masu tsini da suka fito daga ruwa, balle tabki a tsakiyarsu. Jikina ya yi sanyi, na ce ya ci gaba da dubawa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne batun biza. Ta gaya mana a filin jirgi za a buga mana, kuɗin da muka tura na share hanya ne. Alhali Nijar tana cikin ƙasashen da Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, haka ma Najeriya da Mali da Cadi. Sai ka nema tun kana gida, hukumar shige da ficensu ta duba ta amince, kuma abin yana ɗaukar makonni. Wato ko da jirgin gaskiya ne, da ba mu shiga ƙasar ba. Inshorar kuma akwai ta: tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi masu shiga su saye ta, dalar Amurka 44 ga babba, wajen jika 25 kenan, kuma a shafin kamfanin inshorar gwamnatinsu ake biya, a ba ka shaida da sunanka. Ita ta ce jika 60, a tura wa mutum na uku. Haka suke yi, su ɗauko abu na gaskiya su lulluɓe ƙarya da shi, in ka tambayi wani ya ce maka ai kuwa akwai wannan dokar, sai hankalinka ya kwanta.

Muka bi jadawalin da ta ba mu ɗaya bayan ɗaya. Tsibirin Canguu, wanda ake kira tsibirin kurkuku, yana nan, tafiyar kamar rabin awa a kwalekwale daga tsohon garin Zanzibar, kuma da gaske akwai manyan kunkurai a can. Nakupenda ma tana nan, amma tudun rairayi ne a tsakiyar teku wanda ruwa ke rufewa idan ya cika, a jadawalinta kuwa an rubuta cewa za mu kwana a can cikin tanti. Mnemba, inda ake zuwa kallon murjani da kifaye, tsibiri ne da ke hannun masu wani masauki mai tsadar gaske, masu yawon yini ba sa taka shi, a gefensa kwalekwale ke tsayawa. Ta ce mana kwana biyu za mu yi a kansa, duk cikin jika 350. Da yamma maigidana ya kira wani abokinsa mai sayar da tikitin jirgi, ya ce daga Yamai ko Kano sai an sauka a wani gari kamar Adis Ababa a canja jirgi, kuma tikitin zuwa da dawowa shi kaɗai ya haura kuɗin da aka yanka mana gaba ɗaya. Ya nemi lambar ajiyar kujera da ke kan takardarmu, ya duba, babu ita.

Ban nuna mata na gane ba. Na ce, "Hajiya, maigidana zai shigo Yamai ranar Litinin, zai kawo na inshorar hannu da hannu, ki ba ni kwatancen ofis." Ta ce ana gyaran ofis. Na ce to a kira ni ta bidiyo mu gaisa. Ta ce kyamararta ta lalace. Kafin magariba ta cire mu daga zauren WhatsApp ɗin, lambar ta daina shiga, shafin Facebook ya ɓace, ko sama ko ƙasa.

Washegari na tara matan a gidana na gaya musu da bakina. Wannan zama ban fatan kowa ya yi irinsa. Ɗaya daga cikinmu mijinta ya rasu, marayu huɗu take riƙe da su, kwasar adashinta ce ta saka gaba ɗaya, ta ce tun tana yarinya take son ta ga teku sau ɗaya kafin ta mutu. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ai ke ma an cuce ki," ta gyara lulluɓinta ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun kai ƙara komisariya da resin aika kuɗin, da lambobin waya, da saƙonnin muryar, da hotunan hirar. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma an karɓi bayaninmu an rubuta. Jami'in da ya saurare mu ya ja hankalinmu kan abin da ban yi tunani ba: hotunan fasfo da katunanmu suna hannunsu, ana iya yin rajistar layin waya ko karɓar kuɗin wani da su, don haka takardar ƙarar ita ce kariyarmu in wani abu ya taso gobe. Ku da kuka tura takardunku, ko da ba ku tura ko dala ba, ku je a rubuta.

Akwai kuma na biyu da ke biyo baya. Kwana huɗu da faruwar abin wani ya kira ni, ya san sunana, ya san nawa muka tura, ya ce shi jami'i ne, an kama matar a iyaka, in tura jika 30 na buɗe fayil a mayar mana da kuɗinmu. Su ne dai. Wanda ya san adadin kuɗin nan, in ba mu da 'yan sanda ba, sai wanda ya karɓe su. Na kashe wayar na kai lambar komisariya.

Ban rubuta sunan shafin ba don ba shi da amfani, sun riga sun canja shi. Sabuwar tallar da na gani shekaranjiya ta ce tsibiran Maldib, jika 400, mata zalla, kujeru 10 suka rage. Bidiyon bai canja ba, tabkin nan ne na Filifin da duwatsunsa, alhali Maldib ƙasa ce da ko tudun kirki babu a cikinta. Muryar ma ita ce, na gane ta tun daga sallama. In ta iso gare ki, 'yar'uwa, kada ki tura ko tamma kafin wani naki ya shiga ofishin da ƙafarsa ya ga takardar izininsu, kada ki tura kuɗin kamfani da sunan mutum, kuma ki ba wani yaro mai wayar zamani hoton ya bincika miki asalinsa, kyauta ne.

Ni dai na ɗauki alkawarin biyan mai marayun nan jika 140 ɗinta daga albashina, jika 20 duk wata, na biya wata uku saura huɗu. Wadda ta tura wa mutanen nan kuɗi a Damagaram, ko Mirya, ko Magarya, ko Matamai, ta adana resinta kada ta goge saƙonnin muryar, ta kai komisariyar da ke kusa da ita ta ce a haɗa da ƙarar malamai mata tara ta Damagaram.