Na gwada littafin Taylor a gidan bulona

Ƙanena da ke karatun gudanarwa a jami'a ne ya turo mini littafin a waya, bayan na yi masa kukan cewa a gidan bulona ana aiki har la'asar sakaliya amma oda ba ta cika. Sunansa The Principles of Scientific Management, na Frederick Taylor, injiniya ɗan Filadalfiya a Amurka, ya fito a 1911. Kyauta ake samunsa a intanet saboda tsufansa. Ba shi da kauri, sai dai Turancin na mutanen da ne, jimla ɗaya sai ta cika fuskar waya. Dare biyar na yi ina binsa bayan isha'i.

Labarin shebur ne ya fara kama ni. A kamfanin ƙarfe na Bethlehem, inda Taylor ya yi aiki daga 1898 zuwa 1901, kowane lebura da sheburinsa yake zuwa, da shi zai kwashi gawayi, da shi zai kwashi tama mai nauyin gaske. Taylor ya yi ta gwaji har ya gano cewa in ɗiba ɗaya ta tsaya a fam 21, wajen kilo tara da rabi ke nan, a nan mutum ya fi kwasa a yini. Sai kamfanin ya tanadi shebur iri-iri, kowane kaya da nasa. Da gari ya waye na tsaya na dubi namu. Ɗaya bakinsa ya cinye, ɗaya an ɗaure ƙotarsa da waya. Yashi yana bakin ƙofa, inji yana can ƙurya, tayar baro kuma ta sace tun damina. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansu. Na sayo shebur, aka yi wa baro faci, na ce direban tifa ya riƙa juyewa kusa da inji. Kafin mako ya zagayo an ga bambanci.

Maganarsa a kan hutu ma ta yi mini amfani. Ya ce mai ɗaukar curin ƙarfe na fam 92 sai ya yi fiye da rabin yini hannunsa ba kaya, in ana son ya kai yamma da ƙarfinsa. Na kafa rumfa, na ajiye randa.

Inda abu ya ɓaci shi ne ranar da na fito da waya ina auna mintin lodin mota. Wurin ya yi tsit, masu waƙa suka daina. Wani dattijo da ya girme ni nesa, tun zamanin mahaifina yake tare da mu, ya ajiye bulon da ke kansa ya ce, "Alhaji, in ba ka yarda da mu ba ne, gara ka faɗa mana da baki." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri," na mayar da wayar aljihu. Abin ya dame ni ƙwarai.

Da na ba ƙanena labari sai ya ce ai haka aka yi tun farko, kuma na bi na karanta. A 1911 ɗin kanta masu zubin ƙarfe a masana'antar makamai ta Watertown suka yi yajin aiki saboda agogon awo, majalisar Amurka ta kafa kwamitin bincike, a 1915 aka hana amfani da agogon a irin waɗannan masana'antu na gwamnati. A Faransa ma'aikatan kamfanin mota na Renault sun yi nasu yajin a 1913. Duk da haka tsarin ya yi ta bazuwa: kafin Taylor ya rasu a 1915 an fassara littafin zuwa Faransanci da Jamusanci da Japananci. Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, wanda a 1913 ya kira shi hanyar tatse gumin ma'aikaci, shi ne a 1918, da mulki ya zo hannunsa, ya ce Rasha ta koye shi, aka kuma buɗe cibiyar nazarin aiki a Mosko a 1920 ƙarƙashin Aleksei Gastev. Ɗan jari-hujja da ɗan gurguzu duk sun so abin, masu ɗaukar kaya ne suka yi ta ƙara.

Kuma suna da hujja, tana cikin littafin. Leburan da Taylor ya laƙaba wa suna Schmidt ya tashi daga lodin tan 12 da rabi na curin ƙarfe zuwa tan 47 a yini, ladansa kuwa daga dala 1.15 zuwa 1.85. Aiki ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi bai ko ninka biyu ba. Cikin mutum takwas ɗaya ne ya iya, sauran aka janye su daga aikin. Abin da ya fi sosa mini rai, ya kwatanta mutumin da ya dace da aikin da bijimin sa, ya ce tunani na shugabanni ne, lebura ya yi abin da aka ce kawai. Ban yarda ba. Baban nan ne daga baya ya nuna mini cewa in aka jera bulo layi biyu da hanya a tsakiya, mota za ta shiga har ciki a yi lodi ta gefe biyu.

Mai gidan bulo, gidan burodi ko shagon ɗinki, ina ba shi shawara ya karanta, musamman sashen shebur da na Frank Gilbreth, wanda ya rage motsin mai gini daga 18 zuwa 5 a kowane tubali. Na roƙi ƙanena ya juya mana waɗannan sassa biyu zuwa Hausa in ya zo hutu, mu zauna da ma'aikata a ƙarƙashin rumfa a karanta, in ji abin da Baba zai ce.