Fanel a Korido: Abin da Ya Kamata Ka Duba Kafin Ka Rufe Bangonka

Wanda duk ya zagaya shagunan kayan gini a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda allunan rufe bango suka cika ko'ina. Ga mai kamar marmara, ga mai tsaga-tsaga launin katako, ga fari mai zane kumbura-kumbura. An jera su a ƙarƙashin fitila suna walƙiya, mai shago ya zaro waya ya nuna maka hoton wani gida, nan take zuciyarka ta kwanta. Fanel dai, kamar yadda masu aikin ke kiransa, ya samu shiga falo da bayan talabijin, yanzu kuma mutane na tambaya ko a kai shi har korido.

Amsata ita ce ana iya kai shi, amma ba kowane iri ba, ba a kowane bango ba, kuma galibi ba har sama ba. Korido ba falo ba ne. A falo zama ake yi a kalli bango. A korido wucewa ake yi a goge shi. Nan yara ke tsere suna dafa bango da hannun miya, nan ake wucewa da bokitin ruwa da tiren abinci, nan kaskon turaren wuta ke bi, nan ake kutsawa da gado da sif ranar jere. Ta nan kuma iyali za su fita in wani abu ya faru da dare.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Yayata ta sa aka yi mata fanel na MDF, wato allon garin katako da aka matse, a koridon gidanta, daga ƙasa zuwa ƙugu, aka shafa farin fenti. Ya yi kyau ƙwarai, duk wadda ta zo sai ta nemi lambar kafintan. Damina ɗaya ta wuce, sai gindin allon da ke jikin bangon banɗaki ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Na danna da babban yatsa, ya lotsa, fentin ya tsage. Da aka ɓamɓare wannan allo, bayansa baƙi ƙirin da fumfuna, ga hanyar gara siririya ta taso daga daɓe ta yi sama kamar jijiya. Kafintan ya tsuguna ya shafa filastar, ya ɗago ya ce, "Hajiya, wallahi ba aikina ba ne, bangon ne yake zufa." Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar da ya kamata ya faɗa ne tun ranar da ya zo awo.

Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin komai, duba bangon. Da yawa daga masu neman fanel ba ado ne ya fara kai su ba, gajiya ce da fentin da ke ɓarewa daga ƙasa duk shekara, da farin gari mai kama da kanwa da ke fitowa a gindin bango. Wannan alamar danshi ce, ko dai yana tasowa daga ƙasa don ba a shimfiɗa ledar tare ruwa da kyau ba lokacin ginin, ko bututun banɗaki na yoyo a cikin bango, ko ruwan sama na taruwa a bayan gida. Fanel ba ya maganin ko ɗaya. Ɓoye shi yake yi, ya hana bangon shan iska, ya ba gara da kyankyasai ɗaki mai duhu da laima. Gwajin ba shi da wuya: samo farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ka manna ta a gindin bango, ka liƙe gefunanta huɗu da salatef, ka bar ta kwana biyu. In ka ga raɓa ta ɓangaren da ke kallon bango, kuɗinka na mai gyaran famfo ne da magini tukuna. Kuma a watan Agusta za ka yi gwajin, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Bangon da ka gwada a Fabrairu zai rantse maka lafiyarsa ƙalau. Sabon gini ma a bar filastarsa ta bushe sarai kafin a rufe ta.

Abu na biyu faɗi. Koridon yawancin gidajenmu bai wuce mita 1 zuwa 1.2 ba. Allon da aka manna da gam kai tsaye ba ya cin wuri sosai, amma mai tsaga-tsaga, ko wanda sai an buga masa firam a baya, zai iya cinye santimita 3 zuwa 5 a kowane gefe. A takarda kamar ba komai, sai ranar da za a juya da katifa ko firij a kwana. Ɗauki tef ka auna da kanka, ka auna mafi faɗin kayan da ke ɗakunan ciki.

To, sai zaɓin kaya.

MDF garin katako ne da aka haɗa da gam aka matse. Yana yankuwa sumul, yana karɓar fenti fiye da kowanne, shi ya sa ake yin wannan adon akwati-akwati na gidajen Turai da shi. Allonsa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato mita 1.22 da 2.44. Abokin gabarsa ruwa, mu kuwa kullum sai an bi korido da mofa. Akwai mai koren ciki da aka yi don jure laima, ya fi na gama-gari, amma jurewa yake yi na ɗan lokaci, ba ya hana ruwa shiga. Gara ma tana cinsa. A bene na sama, a busasshen bango nesa da banɗaki, zan yarda da shi, bisa sharaɗin a fente gefunansa da bayansa, a kuma ɗora shi a kan sikatin, wato siririn tayil na gindin bango, yadda mofa ba za ta taɓa shi ba. A hawan ƙasa na gida kam, ban ba da shawara ba.

Katako na gaske shi ne wanda nake so a raina, kuma shi ne ya fi wahalar da mai shi a arewa. Yawancin katakon da ke 'Yan Katako a Na'ibawa daga kurmin kudu ake kawo shi, inda iska ke ɗauke da laima. Da hunturu ya kankama, laimar iska a Kano, Katsina ko Maraɗi takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Katakon da bai bushe ba sai ya tsuke, mahaɗa ta buɗe har ka hango bango, wani ya murɗe ya tumɓuke ƙusa. Damina ta dawo ya sake kumbura. Duk mai ƙofar katako ya san wannan, wadda ke kamewa a Agusta ta saki a Janairu. In ka nace, nemi iroko ko madaci, sun fi afara da obece jure gara nesa ba kusa ba. Ka saya da wuri, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha hunturu guda kafin a yanka. A shafa masa maganin gara na gwangwani ciki da baya. Kada ka bari a shafa baƙin mai irin na katakon rufi, warinsa ba ya barin rufaffen wuri.

PVC roba ce, kuma kala biyu za ka tarar. Akwai mai rami a ciki, ɗan'uwan wanda ake silin da shi. Shi ne mafi araha, ruwa ba ya yi masa komai, gara ba ta kula shi, amma a korido ba shi da ƙarko: kan keken yaro ko kusurwar tebur ta buge shi sai ya fashe, kuma ba a faci, sai dai a sauya. Ɗayan shi ne shimfiɗaɗɗen allo mai fuskar marmara, kaurinsa wajen milimita 3. Wannan yana goguwa da tsumma ɗaya, ba ya cin faɗi, ƙyallinsa kuma na taimaka wa korido mai duhu. Aibinsa shi ne yana bin bango yadda yake, in filastar ta karkace kowa zai gani, kuma in ya karce ya karce ke nan.

Mai tsaga-tsagan nan da ake yayi, WPC, haɗin roba ne da garin katako. Faɗin guda wajen santimita 16, tsayinsa kusan mita 2.9, suna shiga cikin juna. Ya fi mai rami ƙwari, ba ya kumbura kamar MDF, kuma tsayayyun layukansa na sa bango ya yi kamar ya ƙara tsayi. Amma a nan zan ɗan tsaya, don mai shago ba zai tsaya ba. Kowace tsaga ma'ajiyar ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya goge teburi da safe ya rubuta sunansa a kai da yamma ya san abin da nake nufi. Shafaffen bango sau ɗaya ake bi da tsumma. Wannan kuwa sai an bi tsaga ɗaya bayan ɗaya da buroshi, a koridon mita 6 kuma tsagogin sun haura ɗari a gefe guda. Kafin ka saya, tambayi wadda za ta riƙa gogewa. Ni a ganina wurinsa shi ne bangon ƙarshen korido, wanda ido ke sauka a kai in an shigo, ko ɗan yanki a bayan madubi. Guda shida ko bakwai sun wadatar, kuma sun fi kyau a hakan.

Allunan jifsam, wato irin farin garin da ake silin POP da shi, masu zane a kumbure, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Suna guntulewa in an buge su, suna shan ruwa, suna riƙe ƙura. A bar su a falo.

Akwai maganar da ba na so a wuce ta da sauri, ita ce gobara. PVC ba ya saurin kamawa da kansa, amma in wuta ta same shi yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro. WPC na cikin gida ma yawanci da irin wannan robar ake haɗa shi. Yanzu ka tuna yadda gidajenmu suke: kowace taga da ƙarfen tsaro, hanyar fita daga ɗakunan kwana ɗaya ce, koridon nan. In silin ɗinsa roba ne, bangonsa biyu ma roba daga ƙasa har sama, ka jera wa hanyar tsirar iyalinka abin da zai cika ta da hayaƙi. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin cewa a tsaya a rabin bango. Haka kuma kada ka yarda a ɓoye haɗin waya a bayan allo, musamman in za a sa siririyar fitilar nan ta ado. A kira mai wayarin na gaske, waya ta bi cikin bututunta, kowane soket a fito da akwatinsa daidai fuskar fanel.

Rabin bango yana da wata ribar a aljihu. Ɗauki koridon mita 6, gefe biyu mita 12 ke nan kafin a cire ƙofofi. In aka kwantar da allon ƙafa 4 da 8 a gicciye, tsayinsa ya kai mita 1.22, inda hannun yara da bokiti ke kaiwa, kuma guda 5 sun gama aikin. In aka ce har sama, sai guda 10 a tsaye, kuma a bangon ƙafa 10 ba za su ma kai silin ba, sai an yi ciko. Saman da ya rage a shafa masa fenti mai haske. Korido mai baƙin fanel har sama, ranar da aka ɗauke wuta, rijiya yake komawa.

Kada kuma a raina tsofaffin hanyoyi biyu. Fentin mai daga ƙasa zuwa kafaɗa, irin wanda muka taso muna gani a makarantu da asibitoci, ba don rashin dabara aka yi shi ba, don yana wankuwa ne. Yau akwai fenti mai wankuwa marar ƙyalli sosai, in aka gyara filasta ta yi sumul, aka ɗora siririn katako a kan iyakar launukan biyu, daga nesa ba ka bambanta shi da fanel, kuma babu wani bayan da ƙwaro zai ɓuya. Sai tayil. Wasu na cewa yana mai da korido kamar banɗaki, kuma haka ne in aka sa ƙanana masu ƙyalli. Manya marasa ƙyalli, launin ƙasa ko toka, da siririyar mahaɗa, wani abu ne dabam. A soro ko mashigar da ake shigo da babur da dare, ban san abin da ya kama ƙafar tayil ba.

In ka je saye, riƙe allon da hannunka. Matsa shi tsakanin yatsu ka ji ko yana lotsawa, ka karce gefen samfurin da makulli ka ga ko fatar saman na tashi, ka shinshina, don mai ƙarfin wari a shago zai fi haka a koridon da ba taga. Fito da shi rana ka ga ainihin launinsa. Sayi duka a lokaci ɗaya da rarar kashi 10 cikin ɗari, saboda launin kaya na sauyawa daga wannan shigowa zuwa waccan, kuma yayi na wucewa, bayan shekara biyu ba lalle ka samu irinsa ba. Lissafa da gam, da ƙarfen rufe kusurwa, da na rufe saman allo, waɗanda sau da yawa ba sa cikin kuɗin farko da ake faɗa maka. Mai aikin kuma kada ka tsaya a hotunan wayarsa, duk na ranar gamawa ne. Ce masa ya kai ka gidan da ya yi wa aiki, wanda ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, ka tsuguna ka duba gindin allon da kusurwoyi.

Yayata dai a ƙarshe an fasa bangon an sauya bututun da ke yoyo, aka bar wurin a buɗe har bayan hunturu. Ta sa manyan tayil launin yashi zuwa mita 1.2, farin fenti mai wankuwa a sama, sai mai tsaga-tsaga guda bakwai a bangon ƙarshe, inda ta rataye madubi.