Gidan Tarihin Soja na Currahee a Toccoa: Ginin Kaɗai Ba Ya Isa

Gidan tarihin yana cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin Toccoa a jihar Jojiya ta Amurka, kimanin mil 90 arewa maso gabas da Atlanta. Ƙungiyar tarihi ta gundumar Stephens ce ke kula da shi. Abin da ya tara shi ne tarihin sansanin Toccoa, inda aka kafa runduna ta 506 ta sojojin laima ranar 20 ga Yuli 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarƙashin Kanar Robert Sink.

Abin da ya fi cancantar kuɗin shiga shi ne wata bargar dawaki ta katako. Daga ƙauyen Aldbourne na Ingila aka kwance ta, aka sake harhaɗa ta a nan. A cikinta wasu sojojin 506 suka riƙa kwana kafin dirarsu a Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Tsayawa cikin ɗaki guda na doki ya fi dogon bayani nuna irin matsin da suka zauna ciki. Sauran kayan, wato kaki, bindigogi, laimomi da hotuna, suna da yawa ƙwarai a wuri ƙarami, don haka a ware awa biyu.

Kuskuren yawancin baƙi shi ne su tsaya kan 506 kawai. Rundunoni na 501, 511 da 517 ma nan suka sha horo, kuma 511 can Filifin ta yi yaƙinta da Japan.

Sansanin kansa ba a cikin gari yake ba. Yana da nisan kusan mil biyar, dole sai da mota, kuma kaɗan ne ya rage daga ainihin gine-ginensa. Ko a zamaninsa bai cika ba: babu filin harbi, sai an taka zuwa kwalejin Clemson, horon tsallen laima kuma aka mayar sansanin soja na Fort Benning saboda titin jirgin Toccoa ya yi gajarta.

Wanda bai hau dutsen Currahee da ke kusa da sansanin ba, rabin labari ya ji. Mil uku hawa, mil uku sauka, haka kurata ke gudunsa. Hanyar tsakuwa ce, gangaren ƙarshe ne mai yanke numfashi, kuma babu ruwan sha, sai a riƙo nasa da takalmi mai kama ƙasa. Turakun sadarwa da rubuce-rubucen fenti sun ɗan ɓata ƙolin. A guji tsakar rana lokacin zafi. Oktoba ya fi daɗi, amma watan taron shekara-shekara ne na tunawa da sojojin sansanin, masauki kan yi wuya.