Kyamarar gaban mota da na saya saboda shingen hanya

Wata uku kenan da na liƙa 'yar kyamarar nan a gilashin gaban motata, ina lodin Kano zuwa Zariya ne, to ga yadda na same ta don masu tambayata a tasha.

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na saya, ƙirar China, na haɗa da mimori mai giga 64. A ramin kunna sigari ake jona ta, kana tada mota ta fara ɗauka da kanta, hoto da murya, in mimori ya cika sai ta riƙa goge tsofaffin tana ɗora sababbi, don haka in wani abu ya faru ka danna maɓallin kullewa nan take ko ka kwafe a waya kafin ya tafi. Da rana hoton tas yake, lambar motar gabanka ma kana karantawa. Da dare kuwa gaskiya sai a hankali, in aka dalle ka da tocila fari fat kawai zaka gani, muryar ce ke fita. Robar da ke manne ta da gilashi bata jure zafin rana, sau biyu tana faɗo min a cinya, sai da na sa gam.

Amma ba don hatsari na saye ta ba, kowa ya san dalili. Akwai ranar da aka tsare ni a wani shinge, takarduna cif, lasisi, inshora, komai, jami'in ya juya su ya juya sannan yace direba ya za'ai ne, nace yallaɓai yau ban samu ba, wallahi awa ɗaya da rabi na yi a gefen titi da fasinja har da wata tsohuwa da za'a kai asibiti tana ta nishi a baya, ƙarshe ita ce ta kwance bakin zaninta ta miƙo ɗari biyar tace ɗan nan ba shi mu tafi. Har yau abin nan na ci min rai.

Tunda na sa kyamarar magana ta canza. Wani in ya leƙo ya ga jar fitilar na ƙiftawa sai ya duba takarda ya miƙo maka yace Allah ya kiyaye. Wani kuma ransa ɓaci yake, akwai wanda yace in kashe, nace yallaɓai a haɗe take da mota, ya zagaya ta ɓangaren fasinja inda bata kamawa ya ƙarasa maganarsa a can. Wannan shine babban gibinta, gaba kawai take kallo.

Fasinja na yawan cewa to in ka ɗauka wa zaka kaiwa? Ban ga laifinsu ba. A bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, ka tambayi duk wanda ya taɓa zuwa karɓo ɗan uwansa. Zanga-zangar EndSARS ma ai bidiyon waya ne daga Ughelli ta jihar Delta ya kunna ta a Oktoban 2020, aka ce an rushe SARS, rundunar 'yan sandan yaƙi da fashi, ranar 11 ga watan, kafin sati ya zagayo aka sanar da wata sabuwar runduna mai suna SWAT a madadinta. Sai yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, muka ga suna zubewa a kotu a Abuja a Nuwamba bayan wata uku a tsare, sai da hoton ya zaga duniya sannan Tinubu yace a sake su. Shi yasa mutane suka fi yarda da Facebook akan ofishin ƙorafi.

Kuma ban ce duka ɗaya suke ba, akwai kurtun da ya taya ni tura mota cikin ruwan sama bai karɓi ko sisi ba, shima kyamarar ta ɗauke shi kuma na ajiye bidiyon.

In zaka saya ka nemi mai ido biyu, gaba da cikin mota, ka sayi mimori na gaske ba jabu ba. Ni ma ita nake tarawa kuɗi yanzu.