Kyamarar ɗaukar jirgin kaya: wadda na zaɓa, da inda ake cutar mai saye

Mai son ɗaukar hoton jirgin ƙasa na kaya a ƙananan layukan da ke ratsawa zuwa masana'antu da tasoshin tsandauri, irin na Kakuri a Kaduna da aka buɗe a 2018, aikinsa ya bambanta da na mai ɗaukar jirgin fasinja na Abuja. Kan tsohon dogon nan mai faɗin milimita 1,067, wanda ya iso Kano a 1911, kan jirgi a hankali yake tura taragai, ya ja baya, ya tsaya a sauya masa layi. Gudu ba shi ne damuwarka ba. Abin da zai wahalar da kai shi ne jira da ƙura. Za ka iya yini a gindin bishiya jirgin bai zo ba, in kuwa ya zo, cikin minti goma an gama.

Da wannan ma'aunin na auna, kuma Nikon D7200 na tsaya a kai. Ta fito a 2015, yanzu sai dai ta hannu, amma an toshe gaɓoɓin jikinta don ƙura da yayyafi. Batirinta, EN-EL15, kamfanin ya ce yana kai hoto 1,110 a caji ɗaya, kuma kana iya barinta a kunne a wuyanka tun hantsi har la'asar. Tana da gidan memori biyu, sai ka sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. Ni wannan kaɗai ya isa ya saye ni, zan faɗi dalili. Ka haɗa ta da gilashin gaban kyamara (lens) na 18-140mm ka bar shi a jiki. Da shi za ka kama dukan jerin taragai, ka kuma jawo hannun ma'aikacin da ke murɗa makarkatar dogo ba tare da ka taka layi ba. Duk wanda ya taɓa cire gilashi a fili lokacin hunturu ya san ɗigon baƙin da ke bayyana a sararin sama na kowane hoto bayan nan.

Yayarta D7100 ta fi araha, hotonsu kusan ɗaya, amma in ka danne maɓalli tana ɗauka a jere a tsarin RAW, wato hoto mai cikakken nauyi, bayan kamar shida sai ta tsaya shan iska. Sony a6000 tana da sauri, hoto 11 a daƙiƙa, sai dai batirinta bai kai 400 ba, kuma da ka cire gilashi cikinta a buɗe yake ga ƙura. Canon 700D ta biki ce da suna. Waya kuwa, da ka jawo nesa lambar tarago ta narke.

To, ga inda aka ƙona ni. Na sayi memori mai tambarin SanDisk, an rubuta 64GB, a wani shago, a farashin da ya kamata ya tsorata ni. Ranar da na yi sa'ar jirgin kwantenoni yana shiga da baya, rana ta yi sanyi, haske kamar an zana, na ɗauki abin da ya fi ɗari uku. Na dawo gida, kusan duk na ƙarshen sun ƙi buɗewa. Katin ƙarami ne aka yi wa dabara yake nuna babba. Har yau abin yana min ciwo. Kada ka bar memori ya shiga kyamararka sai ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda ke cika katin gaba ɗaya ta karanta abin da ta rubuta. Jabu ba ya tsira a wannan gwajin.

Batir ma haka. Na jabu yakan nuna a cike, sai ya mutu farat ɗaya, wani ya kumbura har ya maƙale a gidansa. Ita kanta kyamarar, kada kyan jiki ya ruɗe ka, ana sauya mata roba a goge ta fes. Nikon tana ajiye adadin duk hotunan da ta ɗauka a cikin bayanan kowane hoto. Ka ɗauki ɗaya a gaban mai shagon ka duba. An gwada makullin haskenta, wato shata da ke buɗewa ta rufe a kowane hoto, zuwa ɗauka 150,000, saboda haka wadda ta haura 100,000 sai da ragi mai tsoka. Gilashin kuma ka haska shi da tocilan ta baya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, gansakuka ce, ka ajiye musu kayansu. Mai shagon da ya ce "Alhaji, ai ba sai ka gwada ba" shi ne wanda za ka fi tsananta wa gwaji.

Ka ware kuɗin abin hura ƙura da jaka mai zik. Kafin ka ɗaga kyamara a harabar reluwe ko ƙofar kamfani, ka je ka gaida shugaban tasha da masu gadi, ka nemi izini. Su ne ma za su gaya maka ranar da ake sa ran jirgi.