Na'urar TENS 7000 ga mai ciwon jijiya da ya yi sabon rauni: inda take amfani da inda take cutarwa

Mai tsohon ciwon jijiya, ko na suga ne, ko na baya mai saukowa ƙafa, ko wanda ya biyo bayan tiyata, idan ya yi targaɗe ko ya faɗi ya bugu, ciwo biyu ne ke taso masa lokaci guda. Akwai na raunin: zogi a wuri ɗaya, da kumburi, yana ƙaruwa in an taka ko an danna. Akwai kuma tsohon, wanda yakan farka ya ninka: ƙuna, suka kamar ana tsira allura, fizga kamar ta lantarki, wani lokaci ma a inda raunin bai kai ba. Jijiyar da ta daɗe tana aika saƙon ciwo takan bar laka da ƙwaƙwalwa cikin shirin ko-ta-kwana, abu kaɗan sai su ɗauke shi babba. Ga rashin barci, ga ɗingishi da ke jibga nauyi a ɗaya ɓarin. A wannan hali ne mutane da yawa ke ɗauko TENS, wato ƙaramar na'ura mai aika ɗan lantarki ta fata don rage ciwo, kuma TENS 7000 na cikin waɗanda aka fi saye.

Hukuncinmu a kanta a taƙaice: na'ura ce mai ƙarfi, mai sauƙin sarrafawa, kuma ta cancanci a ajiye ta a gida. Amma aikinta a kan ciwo na biyu ne, wato tsohon da ya tashi. Ba ta ɗinke jijiyar gaɓa da ta yage, ba ta sacce kumburi, kuma kuskure ne babba a manna ta kafin a san abin da raunin ya yi.

Tana zuwa cikin ƙaramin akwati da wayoyi biyu, faci huɗu masu ɗanko da ake mannawa a fata, da batir mai bolt 9. Layi biyu gare ta, kowane layi faci biyu, kowanne da abin murzawarsa a sama ƙarƙashin murfi. Ƙarfinta yana kaiwa miliamfiya 100. Ana saita yawan bugun lantarki daga 2 zuwa 150 a sakan ɗaya, abin da allon ke rubutawa Hz, da faɗin kowane bugu, wato daɗewarsa, daga maikrosakan 50 zuwa 300. Tsarin aiki biyar ne, da agogo na minti 5 zuwa 60 ko a bar ta tana ci gaba. Tushen aikinta bayanin da masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo ne a 1965: idan aka motsa manyan jijiyoyin taɓawa, sukan rage saƙon ciwo da ke wucewa ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. Dalilin da ya sa mutum ke murza gwiwar hannu in ya buge ta ke nan.

Kafin a kunna ta, sai an duba raunin, kuma a nan ne mai ciwon jijiya ya bambanta da kowa. Ga mai lafiyar jijiya, in ya gurɗe idon sawu, ana duba ko zai iya taku huɗu, da ko ƙashin yana zafi in an danna; in ya kasa, sai hoton ƙashi. Wannan gwaji ba ya aiki ga wanda ƙafarsa ta sage. Yana iya taku arba'in a kan tsagaggen ƙashi bai ji komai ba. Don haka mai sagewar ƙafa ya nemi hoto ko da zafin kaɗan ne. Mai ciwon suga kuwa, in ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ja, ta fi 'yar'uwarta ɗumi, ya daina taka ta ya ga likita a ranar, domin hakan na iya zama farkon lalacewar ƙasusuwan ƙafa da ake kira Charcot, wadda takan rushe tafin ƙafa cikin makonni in aka ci gaba da tafiya a kai. Na'urar da ke dusashe ciwo ita ce abu na ƙarshe da irin wannan ƙafa ke bukata.

In an tabbatar targaɗe ne ko buguwar tsoka, sai maganar inda za a manna facin, kuma da yawa daga masu cewa na'urar ba ta aiki a nan suke ɓata. Ƙa'ida ta farko: ba a mannawa a fatar da ba ta ji. A gwada da auduga ko bakin yatsa, ido rufe, a bi fatar daga ƙasa zuwa sama har a isa inda ji ya dawo daidai da na ɗaya ɓarin. Nan ne wurin. A fatar da ta mutu, mutum zai yi ta ƙara ƙarfi yana jiran ya ji, har fatar ta ƙone bai sani ba, kuma ko bai ƙone ba aikin banza ne, tunda jijiyar da ake son motsawa ita ce ta lalace. Ta biyu: ba a mannawa a fatar da ko shafar riga ke sa ta zafi. A nan lantarkin ƙara hura wutar yake yi. A hau sama da wurin, a kan hanyar jijiyar. Idan idon sawu ne ya gurɗe kuma tafin ƙafa na ƙuna, faci biyu su tafi sharaɓa ko ƙasa da gwiwa kaɗan; in ciwon daga baya yake saukowa, sauran biyun su zauna hagu da dama na ƙashin baya a ƙugu, ba a kan ƙashin kansa ba. Tsakanin faci da faci a bar aƙalla santimita 3, kada su taɓa juna. Miƙi, ɗinki, ƙujewa, kumburi mai zafi, duk a kauce musu. A wanke fatar da sabulu, a busar, kada a shafa mai ko man zafi.

Saitin farko da muke ba da shawara: tsarin da aka rubuta wa Normal, bugu 80 zuwa 100, faɗi 60 zuwa 100, minti 20. A murza a hankali har a ji tsattsafi mai ƙarfi amma marar zafi, tsoka kuma ba ta motsi. Bayan minti biyar zuwa goma za a ji kamar ya ragu. Ba batir ne ya mutu ba, jiki ne ya saba, sai a ƙara kaɗan. Mai barin ta a inda da ƙyar yake jin ta bai yi komai ba. In an jure ranar farko lafiya, ana iya kai wa minti 30 zuwa 45, sau biyu ko uku a yini, a ɗaga facin a duba fata kowane karo. Akwai saitin ƙasa, bugu 2 zuwa 4 da faɗi wajen 200, mai sa tsoka ta riƙa harbawa. Yana taimakon wasu, amma kusa da sabon rauni ba ma son sa a makon farko, don yana jan tsokar da ke bukatar hutu.

Lokacin da ta fi biyan kuɗinta shi ne rabin sa'a kafin motsa jikin da likitan gashin ƙashi ya bayar, da kuma kafin kwanciya. Sauƙinta yawanci yana nan ne yayin da take kunne da ɗan lokaci bayan an kashe. Wannan ɗan lokacin ya isa mutum ya lanƙwasa gaɓar ko barci ya ɗauke shi, kuma ga mai ciwon jijiya ba ƙaramin abu ba ne, domin gaɓar da aka ƙi motsawa saboda tsoro takan sandare ta ƙara zafi. Amma a kashe ta a cire kafin a yi barci.

Aibinta na farko abin murzawar ne. Ƙarfi mai yawa aka tara a ɗan taƙaitaccen juyi, ɗan gocewar yatsa sai ya fizge mutum, kuma mai sagewar yatsu zai sha wuya. A rufe murfin da zarar an saita. Batirin bolt 9 in ya fara rauni ƙarfin yakan ragu, mutum ya yi ta ƙarawa, ranar da ya sa sabo kuma ya murza zuwa inda ya saba sai ya ji duka. Kullum a fara daga sifiri. Facin kan rasa ɗanko bayan amfani kamar ashirin zuwa talatin, da wuri ma in fata na da gashi ko gumi. Da gefensa ya ɗaga, lantarkin yakan taru a ɗan wurin da ya rage yana cizo. Ɗigon ruwa yana farfaɗo da shi na ɗan lokaci, amma a canja. In layi ɗaya yana yankewa, a fara zargin waya a bakin mahaɗinta, kuma a riƙa cire ta ta kai, ba ta igiya ba.

Batun hujja, gaskiya sai an faɗe ta: bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2017 kan TENS a ciwon jijiya ta sami binciken da ke akwai da rauni ƙwarai, ba ta iya yanke cewa tana aiki ko ba ta yi ba. Wasu na samun sauƙi sosai, wasu ko kaɗan. Gwajin mako ɗaya zuwa biyu da saiti mai kyau ya isa mutum ya san ɓangarensa.

Kada sauƙin da ta kawo ya sa a yanke magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin, pregabalin, amitriptyline ko duloxetine farat ɗaya. A hankali ake janye su bisa umarnin likita. Kuma duk wanda zai rubuta maganin sabon raunin a gaya masa ana shan su, domin tramadol tare da amitriptyline ko duloxetine na iya jawo matsala mai tsanani, haɗa shi da gabapentin ko pregabalin kuma yana iya danne numfashi.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya saye ta. Mai farfaɗiya, mai juna biyu, mai ciwon daji, da wanda ake zargin jini ya daskare masa a ƙafa, sai da izinin likita. Ba a sa ta a gaban wuya, a kai, kusa da ido, ko faci ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, ba a kuma tuƙi ko wanka da ita. In bayan makonni gaɓar da ta ji rauni ta canja launi, tana yawan gumi ko sanyi, zafin kuma ya zarce girman raunin nesa ba kusa ba, a ajiye na'urar a koma asibiti da wuri.