Wiktionary da Asalin Kalmar *kuningaz

Na shafe makonni ina amfani da sashen ƙamus ɗin intanet na Wiktionary wanda aka keɓe wa kalmomin da masana harshe suka sake ginawa, kuma na auna ingancinsa da kalma guda, wato *kuningaz, wadda take nufin "sarki" a tsohon harshen da ya haifi Ingilishi da Jamusanci da harshen Holan. Alamar tauraro da ke gabanta tana nuna cewa ba a samo ta a rubuce ba, an gano siffarta ne ta hanyar kwatanta 'ya'yanta, irin su cyning a tsohon Ingilishi da König a Jamusanci.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda aka jera zuriyar kalmar reshe bayan reshe, har da harsunan da suka are ta. A nan ne mai karatu zai tarar da hujja mafi ƙarfi, domin mutanen Finlan, waɗanda harshensu ba dangin Jamusanci ba ne, sun ari kalmar tun da daɗewa, kuma har yau suna cewa kuningas, da ƙarshenta wanda Ingilishi da Jamusanci suka zubar. Maƙwabci ya adana abin da mai gida ya ɓatar, kuma siffar da masana suka gina ta dace da wadda ake furtawa a Helsinki, babban birnin Finlan.

An danganta kalmar da *kunją, wato dangi ko zuriya, wadda take da tushe ɗaya da genus na Latin. Sauyin "g" zuwa "k" yana bin ƙa'idar da masanin harshe Jacob Grimm ya bayyana a 1822, bayan aikin takwaransa Rasmus Rask na 1818. Ke nan tun farko sunan sarki yana ɗaure da gidan da ya fito.

Wiktionary kyauta ne, kuma yana buɗewa a waya ba tare da cin data mai yawa ba. Sai dai bayanin asali gajere ne, kuma tun da kowa yana iya yin gyara, ya wajaba ɗalibi ya duba littattafan da aka ambata a ƙasa kafin ya kafa hujja. Wanda bai saba da alamomin furuci ba zai buƙaci malami a kusa da shi a karon farko.